FASHIN BAƘI: Wa ke awon ruwan da tashar lantarki ke zubarwa a kogi? Abin da ya faru a Kogin Dan

Ranar Lahadi, 2 ga Fabrairun 2014, wani mai gadi a tsohuwar tashar wutar lantarki ta Dan River, a garin Eden na Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya lura cewa ruwan tafkin da ake tara tokar kwal ya yi ƙasa fiye da yadda ya saba gani. Ba wanda ya kunna famfo, ba kuma wanda ya buɗe ƙofar ruwa. Ashe wani tsohon bututu mai faɗin inci 48 da ya ratsa ta ƙarƙashin tafkin ne ya burme, toka da ruwa suka samu hanya suka nufi kogi.

Sai ranar 8 ga wata aka samu toshe bututun. Kafin nan, kimanin tan 39,000 na toka da ruwa sama da lita miliyan 100 sun kwarara cikin Kogin Dan. Tokar ta kwanta a ƙasan kogin har tsawon kilomita 110. Birnin Danville na Jihar Bajiniya, wanda ke ɗibar ruwan shansa daga wannan kogin, kimanin kilomita 30 ne tsakaninsa da wurin. Hukumomin birnin sun ce ruwan famfo bai gurɓata ba bayan an tace shi, amma kogin kansa ya yi kwanaki yana gudu da launin siminti.

Ba a ɓoye tashar ke aiki ba. Mallakar kamfanin Duke Energy ce, wanda a lokacin ya fi kowane kamfanin lantarki girma a Amurka. Tana da lasisin zubar da ruwa daga gwamnati, kuma doka ta ɗora mata auna ruwan da take saki tana aika rahoto. Duk da haka babu rahoton da ya hango abin da ke tafe, domin bututun da ya burme na ruwan sama ne, ba ya cikin wuraren da aka amince ruwan toka ya fita. Wanda ya fahimci yadda hakan ta yiwu ya fahimci ƙarfin wannan tsari na lasisi da awo, ya kuma fahimci inda yake yoyo.

Me ya haɗa wuta da ruwa?

Tashar da ke ƙona kwal ko iskar gas don samar da tururi, a taƙaice, ƙatuwar tukunya ce. Ana dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya juya farfelar inji, injin ya samar da lantarki. Daga nan dole a hucar da tururin ya koma ruwa don a sake dafa shi, abin da ke hucar da shi kuwa wani ruwan ne mai sanyi da ake jawowa daga kogi ko tafki ko teku. Shi ya sa irin waɗannan tashoshi ba sa nisa da bakin ruwa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2015, kashi 41 cikin 100 na dukan ruwan da aka ɗiba a ƙasar tashoshin lantarki ne suka ɗebe shi. Sun fi manoman rani ɗiba.

Mafi yawan wannan ruwa yana komawa inda aka ɗebo shi, sai dai yana komawa da zafi. Zafin kansa gurɓata ne: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, kifi kuma da wannan iskar yake rayuwa. Ana kuma zuba sinadarin kulorin a cikin bututai don kada gansakuka da ƙananan halittun ruwa su toshe su, ragowarsa na biyo ruwan zuwa kogi.

Sauran ruwan ba su kai wannan yawa ba, amma sun fi shi illa. Akwai ruwan da ake rage wa tukunya lokaci-lokaci don kada gishiri ya taru a ciki. Akwai wanda ake wanke bututai da shi da asid, yana fitowa ɗauke da ƙarfe da tagulla. Akwai ruwan sama da ya wanke tulin kwal, da na wankin daɓen ɗakin injuna mai haɗe da mai da giris. Sai kuma manyan biyu a tashar kwal: ruwan da ake kora toka da shi, da ruwan wanke hayaƙi. Na biyun abin lura ne. An tilasta wa tashoshi wanke hayaƙinsu da ruwan farar ƙasa don kada jama'a su shaƙi guba, to amma gubar ba ta ɓace ba, daga iska ta koma ruwa.

Kada mai karatu ya kwatanta tokar kwal da tokar murhu da iyayenmu mata ke tacewa su zuba a miya. Kwal na fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da ɗan burbushin asinik, da zaiba, da dalma, da seleniyam. Idan aka ƙone shi, abin da zai ƙone ya tafi, waɗannan kuma su taru a cikin toka. Shekara da shekaru hanyar da aka fi bi ita ce a kora tokar da ruwa zuwa wani ƙaton tafki, a bar ta ta kwanta a ƙasa, ruwan da ya tsaya a sama kuma ya zarce kogi ta wata mafita.

Abin da ke cikin lasisi

Dokar Tsaftar Ruwa ta Amurka ta 1972 ta ginu a kan ƙa'ida ɗaya: haramun ne a zuba wani gurɓataccen abu a ruwan ƙasa ta bututu ko magudana sai da lasisi. Hukumar Kare Muhalli ta tarayya, wato EPA, ke da ikon bayarwa, amma ta miƙa aikin ga mafi yawan jihohi, ciki har da Karolina ta Arewa. Wa'adin lasisi ba ya wuce shekara biyar.

Lasisin kan lissafa kowace mafitar ruwa da lambarta: mafita ta 001, ta 002, da sauransu. A ƙarƙashin kowace lamba akwai jadawali da ke faɗin abin da za a auna, da iyakar da ba za a wuce ba, da sau nawa za a auna, da irin samfurin da za a ɗiba. Ga tashoshin tururi, ƙa'idojin tarayya sun ce ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 6 da 9. Wannan ma'auni shi ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. 7 ne tsaka-tsaki. Lakar da ke yawo a cikin ruwa kada ta wuce miligiram 100 a kowace lita a rana guda, kuma matsakaicinta na wata kada ya wuce 30. Mai da giris, 20 a rana, 15 a wata. Ragowar kulorin a ruwan sanyaya na babbar tasha kada ya wuce miligiram 0.2, kuma kowane inji awa biyu kawai aka ba shi a rana ya saki irin wannan ruwa.

Dalilin sa iyaka biyu, ta rana da ta wata, yana da sauƙin ganewa. A ce tasha ta ɗebi samfur huɗu a wata, aka samu laka 20, da 25, da 25, da 90. Babu ranar da ta haura 100. Amma idan aka haɗa aka raba huɗu, 40 ke nan, ta wuce 30, ta karya lasisi. Iyakar rana na kama ɓarnar farat ɗaya, ta wata na kama wadda ake yi kaɗan-kaɗan.

Kwalba, ƙanƙara da sa hannu

A nan ne abin ke ba mutane mamaki idan suka fara ji: ba gwamnati ke awon ba. Kamfanin ne ke auna kansa. Ma'aikacin tashar, ko wani ɗan kwangila da ta ɗauka, shi ke zuwa bakin mafita da kwalabensa. Jami'in gwamnati kan zo duba lokaci-lokaci, wani sa'in ya ɗebi nasa samfurin, amma alƙaluman yau da kullum daga hannun mai lasisi suke fitowa. Mai karatu zai ce an ba kura ajiyar nama. Da gaskiyarsa, sai dai babu gwamnatin da ke da ma'aikatan da za ta tsayar a bakin dubban bututai dare da rana. Saboda haka dabarar da doka ta yi ita ce ta ɗaure hannun mai awon ta yadda maguɗi zai yi wuya, idan kuma aka yi ya bar sawu.

An tsara komai. Awon pH da na kulorin dole a yi su cikin minti 15 da ɗibar ruwa, domin suna canzawa da sauri, don haka a bakin mafitar ake yin su. Samfurin mai da giris a kwalbar gilashi ake zuba shi, saboda mai na manne wa roba. Na laka a sa shi a ƙanƙara, kada zafinsa ya wuce digiri 6, a kuma gwada shi cikin kwana bakwai. Na ƙarafa a ɗiga masa asid don kada su manne a jikin kwalba. Kowace kwalba na tafiya da takardar da ke nuna wanda ya ɗiba, da ƙarfe nawa, da wanda ya karɓa daga hannunsa, har ta isa ɗakin gwaje-gwaje. Awon zaiba ya fi kowane tsanani, domin ana neman ta ne a ma'aunin da ya yi daidai da giram ɗaya a cikin lita biliyan ɗaya. Mutum biyu ke ɗibar samfurin: ɗaya ba ya taɓa komai sai kwalbar, ɗayan shi ke taɓa sauran kaya. Ƙurar hannu kaɗai ta isa ta ɓata sakamakon.

Wasu lasisin ma sukan buƙaci a gwada ruwan a kan mai rai. A saka 'ya'yan kifi da wasu ƙananan ƙwarin ruwa a cikin samfurin na 'yan kwanaki, a ga ko za su rayu, su girma, su hayayyafa. Amfanin wannan gwajin shi ne yana iya nuna akwai guba ko da ba a san sunanta ba.

Ƙarshen wata sai a tattara alƙaluman a rahoton sa ido kan ruwan da aka zubar, wani babban jami'in kamfani ya sa hannu cewa gaskiya ne. Wanda ya rubuta ƙarya da gangan, ko ya taɓa na'urar awo, yana iya shan ɗaurin shekara biyu. Doka ta kuma toshe wata kafa da mai wayo zai so bi: idan ka auna fiye da yadda aka nema, ta hanyar da hukuma ta amince da ita, dole ka saka dukan sakamakon. Ba ka da ikon auna sau biyar ka zaɓi mai kyau. Idan aka samu ɓarnar da ke iya cutar da lafiya ko muhalli, a sanar da hukuma cikin awa 24, a biyo da rubutaccen bayani cikin kwana biyar. Takardun kuma a ajiye su aƙalla shekara uku.

Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne waɗannan alƙaluma ba sirri ba ne. EPA na loda su a wani rumbu na intanet mai suna ECHO, inda ɗalibi ko ɗan jarida ko masunci zai rubuta sunan tasha ya ga watan da ta wuce iyaka. Lauyoyin ƙungiyoyin muhalli sun daɗe suna cin shari'a da rahoton da kamfani ya rubuta da hannunsa.

Abin da ba a rubuta ba, ba a auna shi

To ina matsalar? Lasisi ba ya ganin komai sai abin da aka ambata a cikinsa. Kuma tsawon shekara 33, daga 1982 zuwa 2015, ƙa'idojin tarayya na tashoshin tururi ba su canza ba. Sun damu da laka da mai da pH, amma ba su sa wa asinik ko zaiba ko seleniyam iyaka a ruwan toka ba. Tafkin toka kuwa gwani ne wajen kwantar da laka, sai dai abin da ya narke a ruwa ba ya kwanciya. Ruwa na iya fita garau, ya ci jarrabawar laka, alhali yana ɗauke da guba.

Ba a rasa shaida ba, kuma a jihar nan aka same ta. A 1974 kamfanin Duke ya fara aiki da tashar Belews Creek, ruwan tafkin tokarta yana komawa Tafkin Belews. Cikin 'yan shekaru, kusan duka nau'o'in kifi 20 da ke tafkin suka ƙare. Ba a wayi gari an ga gawarwaki sun taso kan ruwa ba. Seleniyam ne ya riƙa taruwa a jikin ƙwari, daga ƙwari zuwa kifi, daga uwar kifi zuwa ƙwanta. Manya na yawo lafiya, amma 'ya'yan na mutuwa ko su fito da karkatacciyar ƙashin baya. Masanin kifi Dennis Lemly ya yi shekaru yana nazarin tafkin, ya kuma nuna cewa illar ta ci gaba shekaru bayan kamfanin ya daina zuba ruwan toka a tsakiyar shekarun 1980. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai wanda ya nemi dalilin ke samunsa.

A 2013 gamayyar wasu ƙungiyoyin muhalli, ciki har da Sierra Club da Waterkeeper Alliance, suka bi lasisin tashoshin kwal ɗaya bayan ɗaya. Cikin tashoshi 274 da ke zubar da ruwan toka ko na wanke hayaƙi, 188 ba su da wata iyaka a kan manyan ƙarafa masu guba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ma ba a nemi su auna ba. Sun kuma gano cewa kusan rabin tashoshin da suka duba na aiki da lasisin da wa'adinsa ya ƙare. Wannan ba laifi ba ne a doka: muddin kamfani ya nemi sabuntawa a kan lokaci, tsohon lasisin na ci gaba da aiki har hukuma ta ga dama. Jinkirin hukuma ya zama riba ga kamfani.

Akwai kuma dabarar kalmar "ba a gano ba". Kowace hanyar gwaji na da mafi ƙarancin abin da take iya gani. Idan aka auna zaiba da hanyar da ba ta da kaifi, sakamakon zai fito babu, ba don babu ba, sai don ma'aunin bai kai ba. Sai a 2014 EPA ta wajabta amfani da hanyar da ta isa ta ga abin da ake nema.

Bayan abin da ake aunawa, sai inda ake aunawa, nan ne kuma labarin Dan River ya fi zafi. Bututu biyu na ruwan sama ne suka ratsa ƙarƙashin tafkin. Kamfanin ya ɗauka wanda ya burme ɗin duk na kankare ne, sai bayan ɓarna aka ga wani sashensa na kwano ne, tsatsa ta cinye shi, alhali rahoton masu duba tafkin tun a shekarun 1980 ya ambaci hakan. Da jami'an jiha suka auna ruwan da ke fita daga bututu na biyu makonni biyu bayan haɗarin, suka tarar da asinik ninki 14 na abin da aka amince jikin mutum ya taɓa. Ruwan tafki ne ke shiga ta tsagogin bututun. Ruwan sama ba ya zuwa da asinik. Da akwai wanda ke zuwa da kwalba bakin wannan bututu duk wata, da ya ga alama. Daga baya jihar ta tuhumi kamfanin da cewa bai ma mallaki lasisin ruwan sama na tashar ba.

Haka batun tsattsafo. Bangon tafkin toka na ƙasa ne, tafkunan kuma ba a shimfiɗa musu komai a ƙasa ba, don haka ruwa na tsattsafowa ta gindin bango. A wasu tashoshin wannan ruwa na bin ramuka da magudanai har kogi, ba ya bi ta mafita mai lamba, ba ya shiga rahoton kowa. Ɗaya daga cikinsu a wancan lokacin, tashar Riverbend, an gina ta ne a bakin tafkin da birnin Charlotte ke sha, birnin da hedikwatar kamfanin take.

A watan Maris na 2014 kuma, 'yan ƙungiyar Waterkeeper suka hau ƙaramin jirgin sama suka ɗauki hoton tashar Cape Fear, aka ga manyan famfuna a bakin tafkin toka. Kamfanin ya ce gyara yake yi. Binciken jiha ya nuna an yi watanni ana zuƙar ruwa, kimanin lita miliyan 230, zuwa wani rafi da ke shiga Kogin Cape Fear. Lasisin an gina shi ne a kan cewa ruwan saman tafki, wanda ya riga ya kwanta, shi zai riƙa malala a hankali. Famfo kuwa daga can ƙasa yake jawowa.

Mai tsaro da wanda ake tsaro

Masu rubuta dokar 1972 sun san hukuma na iya yin barci, shi ya sa suka ba ɗan ƙasa ikon kai mai gurɓata ruwa kotu da kansa. Sharaɗin shi ne ya ba da sanarwar kwana 60, kuma idan gwamnati ta riga shi shigar da ƙara tana kuma binta da gaske, tasa ta tsaya.

A 2013, shekara guda kafin haɗarin, lauyoyin cibiyar Southern Environmental Law Center suka ba da irin wannan sanarwa har sau uku a kan tafkunan tokar Duke. Kowane karo, dab da cikar wa'adin, sai ma'aikatar muhalli ta jihar ta shigar da tata ƙarar a kotun jiha. Sannan ta kawo tayin sulhu a kan tashoshin Asheville da Riverbend: tarar dala 99,111, ba tare da tilasta kwashe tokar ba. Gwamnan jihar a lokacin, Pat McCrory, ya yi wa kamfanin Duke aiki shekara 28 kafin ya hau mulki. Shi da jami'ansa sun musanta yi wa kamfanin gata, kuma babu kotun da ta kama shi da laifi. Amma bayan tokar ta shiga Kogin Dan, jihar ta janye tayin sulhun, masu gabatar da ƙara na tarayya kuma suka aika sammaci, ba ga kamfanin kaɗai ba, har da ma'aikatar da ke sa masa ido.

Ranar 14 ga Mayun 2015, rassan kamfanin uku suka amsa laifuka tara na karya Dokar Tsaftar Ruwa ta hanyar sakaci a tashoshi biyar: Dan River, Cape Fear, Asheville, H.F. Lee da Riverbend. Hukuncin ya kai dala miliyan 102: tarar miliyan 68, sai miliyan 34 na ayyukan gyaran muhalli, da shekara biyar ƙarƙashin sa idon kotu. A zaman ne aka bayyana abin da ya fi tsaya wa mutane a rai. A 2011, sannan a 2012, injiniyoyin tashar sun nemi kimanin dala 20,000 don a tura kyamara cikin bututan a duba lafiyarsu. Sau biyu ana hana su. Tashar na dab da rufewa, aka ga ba amfanin kashe kuɗi a kanta. Ta kuwa daina ƙona kwal a 2012, amma tokar da ta tara tun 1949 ba ta je ko'ina ba.

Tokar da aka iya yashewa daga kogin ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran na nan gauraye da laka. A farkon 2020 kamfanin ya cimma yarjejeniya da jihar da ƙungiyoyin muhalli cewa zai tone kusan tan miliyan 80 na toka daga tashoshi shida ya mayar ramukan da aka shimfiɗa musu kariya. Tarar kotu masu hannun jari ne suka biya. Kuɗin kwashe tokar kuwa, wanda ya kai biliyoyin daloli, kamfanin ya amince a 2021 ya ɗauki kimanin biliyan 1.1, mafi yawan ragowar kuma na bin takardar kuɗin wutar jama'a.

Ƙa'idojin tarayya su ma sun motsa, sai dai suna tafiya ne da iskar siyasa. A 2015 gwamnatin Obama ta sa iyakar farko a kan asinik da zaiba da seleniyam a ruwan wanke hayaƙi, inda EPA ta ce tashoshin tururi ne ke zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na gubar da masana'antun da take sa wa ido ke saki a ruwa. Gwamnatin Trump ta ɗage wa'adin a 2017, ta sassauta a 2020. Ta Biden ta tsananta a 2024. A Maris na 2025 sabuwar gwamnatin Trump ta sanar da cewa za ta sake duba su.

A nan gida fa?

Lantarkin babban layin Najeriya daga iskar gas da madatsun ruwa yake fitowa, don haka babu tafkunan toka irin na Karolina. A Nijar ne ake da tashar kwal, ta kamfanin Sonichar a Anu Araren kusa da Cirozerin, wadda ke ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta. Amma tashar gas mai tururi ita ma tana jan ruwa tana mayarwa. Egbin, mai injuna shida da ƙarfin megawat 1,320, a bakin gulbin Legas take kusa da Ijede, garin masunta, daga nan kuma take ɗibar ruwan sanyaya injunanta.

Tsarin dokar ma ɗan'uwan na Amurka ne. Bayan badaƙalar sharar guba da aka jibge a Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar FEPA, wadda a 1991 ta fitar da ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu. Sun ce pH ya tsaya tsakanin 6 da 9, zafin ruwa kuma kada ya kai digiri 40 a tazarar mita 15 daga bakin mafita. Sun kuma ɗora wa kowace masana'anta ta riƙa auna abin da take zubarwa tana kai rahoto duk wata, har sunan rahoton iri ɗaya ne da na Amurka. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ta gaji aikin tilasta bin dokokin muhalli, jihohi kuma na da nasu hukumomin. Ke nan a nan ma mai zubarwa ne mai awo.

Hanyar da doka ta buɗe wa ɗan ƙasa ya ga irin waɗannan takardu ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ba sai mai nema ya faɗi dalilinsa ba, kuma dokar ta haɗa har da kamfanoni masu zaman kansu da ke yi wa jama'a hidima. Wanda zai rubuta wasiƙar, kada ya tambaya ko tasha na bin doka, domin amsar layi ɗaya zai samu. Ya nemi kwafin lasisin da ranar ƙarewarsa, da jerin mafitun ruwa har da na ruwan sama, da rahotannin wata 12 da suka wuce, da sunan ɗakin gwajin da ya yi awon, da ranar ƙarshe da jami'in hukuma ya je ya ɗebi samfur da hannunsa. Hukuma na da kwana bakwai ta amsa. Idan ta ƙi, dole ta rubuta dalili ta ambaci sashen dokar da ta dogara da shi, mai nema kuma na da kwana 30 ya garzaya kotu.